Takin da na tara a rami ya koma kwata, ina na yi kuskure?

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar taki a wannan zaure. A bayan ɗakina a nan Jos akwai ɗan fili inda nake shuka alayyafo da latas da 'yan tushen tumatir, kuma tun watan Mayu na sa yara suka haƙa mini rami mai zurfin ƙugu domin in riƙa zuba sharar madafa a ciki maimakon a kai ta bola. Duk abin da ya fito daga girki can yake tafiya, ɓawon dankali da na doya, ganyen kabeji, ruɓaɓɓen tumatir, ragowar miya, wani lokaci har da tuwon da ya kwana ya lalace. Da farko ban ga wata matsala ba, amma tun da ruwan Agusta ya kankama ramin ya cika da ruwa, abin da ke ciki ya zama baƙin taɓo mai wari, ƙudaje suka yi masa caa, kuma jiya maƙwabciyata ta faɗa mini cikin mutunci cewa warin yana shiga ɗakinta da dare. Maigidan ya ce a cike ramin da ƙasa a huta. Ni kuwa ba na so in bari, domin takin zamani ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ina jin ciwon ganin abin da zai amfani shukata yana tafiya a baron 'yan shara. Shin akwai gyara, ko dai in haƙura?

Malamin Gona, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai gyara, kuma bai kai wahalar da kike tsammani ba. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka ɓata miki aiki, wato ruwa ya yi yawa, busasshen abu kuma babu shi sam.

Masu yin aikin taki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma suna numfashi kamar yadda muke yi. Idan iska tana ratsa tarin shara, su ne ke cin ta, su fitar da zafi, su bar baƙar ƙasa mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Idan ruwa ya toshe duk wata kafa da iska za ta bi, sai su ja baya, wasu halittun da ba sa buƙatar iska su karɓi wurin, kuma su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai da kike ji. A gari irin Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda ruwa ke sauka daga Afrilu har Oktoba, kuma a Yuli da Agusta sai a yi kwanaki ba a ga rana sosai ba, rami buɗaɗɗe rijiya ce kawai. Rami yana da amfani da rani ko a ƙasashen da ruwa ya yi ƙaranci, domin yana riƙe danshi. A Jos da damina tsibi ake yi a kan tudu, a kuma rufe kansa.

Ki sa a kwashe taɓon da shebur, a baza shi ya tsane kwana ɗaya ko biyu. Sannan a wuri mai ɗan tudu ki shimfiɗa karan masara ko ƙananan rassa a ƙasa domin iska ta shiga ta gindi, ki zuba busasshen abu, ki ɗora taɓon kaɗan, ki sake rufewa da busasshe, haka har ya ƙare. Busasshen abin da nake nufi shi ne busasshen ganye, tsohon bunu, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, kwalin da aka yayyaga, ko dusar katako wadda za ki samu a wurin masu yankan katako a Kasuwar Katako. Duk bokiti 1 na ɗanyen abu ki ba shi bokiti 2 ko 3 na busasshe. Daga sama ki ɗora tsohon kwanon rufi ko tamfol, amma ki bar gefe a buɗe. Insha Allahu kafin kwana uku maƙwabciyarki ba za ta ƙara jin komai ba.

Baban Ummi, Dilimi:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ina da ja a kan wannan doguwar hanya. Na gaji noman lambu daga mahaifina a bakin rafin Dilimi, kuma abin da muka taso muka tarar shi ne a kawo sharar gari a jibge a bakin gona, idan ta bushe a cinna mata wuta, a tsince ƙarafa da kwalabe, a baza tokar a kwami. Da wannan toka muka noma karas da kabeji da latas da ake lodawa a kasuwar Farin Gada zuwa Kudu shekara da shekaru. Toka ba ta wari, ba ta tara ƙuda, ba ta kiran ɓera, kuma a yini ɗaya an gama. Me zai sa mace mai hidimar gida ta tsaya juya shara wata uku alhali ashana ɗaya ta wadatar?

Malamin Gona, Bukuru:
Alhaji, ba na raina abin da kuka gada, kuma akwai dalilin da ya sa toka take yi muku aiki. Ƙasar tudun nan da yawanta tana da tsami, toka kuwa tana kashe tsami, tana kuma ɗauke da sinadarin fotash da kalsiyam. Wannan gaskiya ne. Sai dai wuta tana korar naitirojin zuwa sama tare da hayaƙi, shi ne kuma sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, sannan tana cinye jikin ganyen da zai ruɓe ya sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Shi ya sa ku da kanku ba ku tsaya ga toka kaɗai ba, kuna sayen kashin kaji kuna ƙarawa, kuna kuma bi da yuriya.

Abin da ya fi damuna shi ne sharar yau ba irin ta zamanin mahaifinka ba ce. A da juji ganye ne da kara da toka da kashin dabbobi, shi ya sa manoman karkarar Kano suka daɗe suna shiga birni da jakuna suna kwasar taki zuwa gonakinsu. Yau bola cike take da leda da roba da famfas da mataccen batir. Hayaƙin leda guba ne ga mai shaƙa, batir kuma yana barin ƙarafa masu cutarwa a cikin tokar, a kan wannan toka kuma ake shuka latas ɗin da ake ci ɗanye.

Baban Ummi, Dilimi:
Maganar leda na yarda da ita, domin ni kaina na fi shekara biyar da daina karɓar sharar da ta fito daga tsakiyar kasuwa. Yaran da ke tsince mini suna ɓata yini ba su gama ba. Amma har yanzu ina ganin a zuba toka a cikin ramin Hajiya, warin zai mutu nan take.

Malamin Gona, Bukuru:
Tokar murhu ta itace zalla za a iya barbaɗa ta kaɗan, kamar yadda ake barbaɗa gishiri a miya, ba a juye ta da kwano ba. Idan ta yi yawa, musamman in ta haɗu da ɗanyen kashin kaji, sai naitirojin ya tashi a matsayin amoniya, wato wannan warin fitsari mai yaji da ke shiga ido a ɗakin kaji. Ni na fi son a ajiye tokar daban a buhu inda ruwa ba zai taɓa ta ba, a kai ta kan kwami kai tsaye lokacin gyaran ƙasa.

Maman Sadik, Rikkos:
Ina so in ja hankali a kan wani abu da ya fi wari hatsari, domin aikin jinya nake yi. Yaya Maman Hanifa, kin ambaci ragowar miya da tuwo, kuma nan ne gabana ya faɗi. Dafaffen abinci da mai da ƙashi da kan kifi su ne ke jawo ɓeraye, ɓera kuwa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa. Mu mutanen Jos bai kamata a tuna mana wannan ciwo ba. A 1969 da aka fara gano shi, ma'aikaciyar jinyar da ta kamu a garin Lassa na Borno nan Jos aka kawo ta, kuma a 1970 ya ɓarke a garin nan har ya kashe likitar da ke kula da masu jinyar. Yawanci yana tsananta ne da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin da ake ƙona daji ɓeraye su gudo cikin gidaje. Tarin shara mai ɗumi da abinci a ciki, a cikin sanyin hunturu irin namu, babu abin da ɓera yake so kamarsa. Ban ce a daina yin taki ba, amma don Allah kada dafaffen abu ya shiga, kada a jingina tsibin da bangon ɗaki ko kusa da inda ake ajiye hatsi, kuma wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga madafa.

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Maman Sadik, wallahi ban kawo wannan a raina ba, kuma gaskiya na taɓa ganin gafiya ta fito daga wajen da asuba. To, tuwon da ya lalace ya zan yi da shi? Ina jin nauyin zuba abinci a bola.

Goggon Yara, Gangare:
'Yata, tuwo ai bai taɓa zama shara ba a gidan Bahaushe. Wanda bai lalace ba a yi ɗumame ko a miƙa wa almajiri tun yana da kyau. Wanda ya fara sauyawa ki farfasa shi ki shanya a kan tire a wuri mai tsayi, ki ɗauke shi kafin magariba, idan ya bushe ƙarau ki tara a buhu ki ɗaure baki. Masu kiwo suna nemansa, suna jiƙa wa awaki da kaji tare da dusa. Ni nawa awakina ne ke ci, su kuma su ba ni kashi, kashin nan shi nake sharewa daga turke tare da ragowar harawa da suka tattake da fitsarinsu, in tara a kusurwa. Mu a wurinmu wannan shi ne taki tun ba mu san ana rubuta shi a littafi ba. Ɓawon dankali ma ni ba na ba juji sai wanda awaki suka ƙi.

Malamin Gona, Bukuru:
Goggo ta kawo abin da ya fi duk bayanina amfani. Sharar turke ita ce ta fi kowace irin shara dacewa, domin ta zo a haɗe, ga kashi da fitsari masu ƙarfi, ga busasshiyar ciyawa. Hajiya, idan za ki samu ko da rabin buhu daga wajen mai awaki ki sa a tsakanin shimfiɗun, tsibin zai ɗau zafi da wuri. Wanda ba shi da dabba kuma ya duba bakin hanya, akwai wannan doguwar ciyawa mai furen rawaya kamar ƙaramar rana da ta cika gefen tituna da kufai a tudun nan. Ɗanyen ganyenta yana da naitirojin sosai kuma yana saurin ruɓewa, sai dai a yanke ta tun kafin ta yi iri. Abin da ba ya shiga ko kaɗan shi ne kashin kare da na kyanwa da abin da ya fito daga masai.

Ɗalibin Noma, Naraguta:
Da izinin iyayena, zan ƙara lissafin da ake koya mana. Abin da ake nema shi ne kashi 25 zuwa 30 na kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a busasshen abu, a kan kashi 1 na naitirojin. Kabon da ke cikin dusar katako ya ninka naitirojin ɗinta sau ɗaruruwa, shi ya sa idan aka cika ta tsibi yakan yi sanyi ya zauna wata da watanni bai motsa ba, don haka Hajiya ta yi hattara da ita, ta gauraya ta da ganye. Tsibin da ya kai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi yana iya yin zafin digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan zafi ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Ba sabon ilimi ba ne, domin wani Bature ɗan Ingila mai suna Albert Howard ya tsara hanyar jera shimfiɗa da juyawa a garin Indore na Indiya, ya wallafa ta a 1931, kuma shi kansa daga manoman Asiya ya ɗauki darasi. Amma ina da tambaya ga Malam. Gida ɗaya ba ya tara sharar da za ta kai mita 1 a lokaci guda, kullum ɗan kwano ne ake samu. Ta yaya zafin zai samu?

Malamin Gona, Bukuru:
Tambayarka ta yi kyau, kuma amsar ita ce sau da yawa ba ya samuwa. Takin gida da ake ƙara masa kaɗan-kaɗan takin sanyi ne, yana ɗaukar wata 6 har zuwa shekara, ba kamar wanda aka haɗa rana ɗaya ake juyawa duk mako ba, wanda zai iya nuna a wata 2 ko 3. Ba laifi ba ne, yana yin kyau, sai dai ba ya kashe abin da zafi ke kashewa. Saboda haka mai irin wannan taki kada ya zuba ciyawar da ta yi iri, kada ya zuba saiwar kiri-kiri ko ƙwayar aya-aya, domin zai dasa su ne da hannunsa a lambu. Haka nan ganyen tumatir ko na dankalin turawa da ya kamu da cutar nan mai ƙone ganye da damina, wadda manoman Bokkos da Mangu suka sha wuyarta, da ruɓaɓɓen dankalin da ya fito daga irin wannan gona, waɗannan a binne su da zurfi nesa da shuka.

Ma'auninmu na ƙauye kuwa rodi ne. Ka soka guntun rodi har tsakiyar tsibi, ka bar shi minti 10, ka zaro ka taɓa. Idan ba ka iya riƙe shi da daɗewa ba, aiki yana tafiya. Danshi kuma da hannu ake gane shi. Ka damƙi taki ka matse, idan ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, idan ya warwatse ya bushe, idan ya dunƙule ya jiƙa tafin hannu ba tare da zuba ba to ya yi daidai. Da hunturu matsalar takan juye, iska ta busar da shi cikin kwanaki, sanyin dare kuma ya rage masa ƙarfi, sai a riƙa yayyafa ruwan wankin shinkafa ko na kayan miya a lulluɓe shi da tsofaffin buhuna.

Amaryar Bauchi Road:
Ni gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne, kuma mu shida ne masu ɗakuna. A buhuna nake shuka albasa mai lawashi da attarugu. Akwai yadda zan yi ba tare da na shiga haƙƙin kowa ba?

Maman Sadik, Rikkos:
Akwai, domin a duro nake yin nawa a gidana, kuma saboda ɓera na zaɓe shi. Na sayi tsohon duro na roba mai murfi, wanda na tabbatar ba sinadari aka zuba a ciki ba, na sa aka huda shi da ƙusa mai zafi a jiki da gindi, ƙananan huji waɗanda ɓera ba zai iya shiga ba, na ɗora shi a kan bulo biyu da tsohon faranti a ƙasa. Kusa da shi akwai buhun busasshen ganyen mangwaro da yara ke tara mini da rani. Duk lokacin da na zuba ɓawo sai na rufe shi ruf da ganye, kuma sai na yayyanka komai ƙanana tukuna, domin guntun kabeji da aka jefa ɗungurungum zai yi wata biyu yana nan yadda yake. Ranar Asabar nake kwantar da duron in mirgina shi sau huɗu ko biyar. Idan ya cika sai in bar shi ya huta in koma na biyu. Ganyen turare ne kawai na rage sawa, domin na ga yana daɗewa bai ruɓe ba.

Baban Ummi, Dilimi:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Sai dai kada a sa wa Hajiya rai cewa ta rabu da takin zamani ke nan. Ni mai kadada ne, na san abin da kabeji yake ci.

Ɗalibin Noma, Naraguta:
Baba yana da gaskiya ta fuskar lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, wato kilo 23 ke nan. Takin gida yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yake da shi, saboda haka sai an tara fiye da tan guda kafin a kamo buhu ɗaya, kuma ba ya sakin abin da ke cikinsa gaba ɗaya a shekarar farko.

Malamin Gona, Bukuru:
Lissafin daidai ne, amma ku tuna filin da ake magana a kai. Hajiya ba kadada take nomawa ba, bayan ɗaki ne, kuma 'yan bokitai na nunannen taki sun isa su rufe kwamin alayyafo da kaurin yatsu biyu. Ga babban manomi kuma ban taɓa cewa ya zubar da buhu ba. Abin da na gani a shekarun da na yi ina zagaya gonaki shi ne, ƙasar da aka daɗe ana ba ta takin zamani kaɗai takan yi tauri, ruwan sama ya wanke abin da aka zuba, manomi ya ƙara yawan buhu kowace shekara yana cewa takin yanzu ba shi da ƙarfi. Inda aka haɗa da takin gargajiya kuwa ƙasa tana riƙe abin da aka ba ta, tana kuma jure kwana biyu ba a yi ban ruwa ba. Alhaji, kai da kake jan ruwa da inji a wannan tsadar mai, ka fi ni sanin darajar kwana biyun nan.

Baban Ummi, Dilimi:
Wannan kam haka ne. Ɓangaren da nake zuba kashin shanu daga kasuwar dabbobi ta Kara ya fi daɗewa da laima. Bana zan ware ganyen kabejin da muke bari a gona bayan sara, in gwada tsibin a gefe guda in gani da idona.

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan mako biyar. Mun kwashe ramin, mun cike shi, mun yi tsibi a gindin katangar baya nesa da ɗakuna, da karan masara a ƙasa da tsohon kwano a sama. Na samu sharar turke buhu ɗaya a wajen wata dattijuwa a layinmu, na haɗa da ƙaiƙayi da kwali. Warin ya ɗauke a kwana na huɗu, kuma ranar da muka fara juyawa da safe har tururi ya tashi, yara suka kira babansu ya zo ya gani. Yanzu bokiti biyu ne a madafata, ɗaya na ɓawo ɗaya na leda, tuwo kuma ina shanyawa kamar yadda Goggo ta ce. Sai dai jiya da na tona gindin na tarar da wasu manyan tsutsotsi farare masu lanƙwasa, kaurinsu ya kai babban yatsa, ga kuma farin abu kamar fumfuna a jikin karan. Ya sake lalacewa ne?

Goggon Yara, Gangare:
Gwazarma ce, 'yata, kowane tsohon juji yana da ita. Ki tsince ki watsa wa kaji.

Malamin Gona, Bukuru:
Bai lalace ba, Hajiya. Farin fumfunan yana cikin masu cin kara da itace, ki bar shi. Gwazarmar kuma a cikin tsibi ruɓaɓɓen abu take ci, amma ki tsince ta kafin ki kai takin kan kwami, domin akwai danginta da ke cin saiwar shuka kuma da wuya a bambance su da ido. Kada ki yi gaggawar amfani da shi tukuna. Ki daina ƙara masa sabon ɓawo daga yau, ki fara wani tsibin a gefensa, ki bar wannan har sai ya huce, ya yi baƙi, ba ki iya gane abin da kika zuba ba in ban da ɓawon ƙwai da totuwa. Idan kina shakka ki cika ƙaramin gwangwani da shi ki shuka irin alayyafo kaɗan, in ya tsiro lafiya ganyen bai yi rawaya ba to ya nuna. Ki tankaɗe shi da ragar waya, abin da ya rage a sama ki mayar cikin sabon tsibin. A lissafina zai yi daidai da lokacin dashen latas na rani.